Sunan gidan mai ba ya ƙara wa mota kilomita

A tashar Tanut ta nan Damagaram gardamar ba ta ƙarewa: wannan ya ce man gidan kaza ya fi auki, wancan ya ce na gidan kaza ruwa ne, kana taka totur allura na sauka. Ni da tsohuwar Hilux ɗina mai shan esansi muna jigilar kaya zuwa Tanut, kusan kilomita 150, kuma na gwada abin da kaina. In cika tanki har baki, in rubuta kilomita, in na sake cikawa in duba lita nawa ta sha.

Da farko lissafin ya goyi bayan masu gardama. Man da nake sha a Tanut ya fi kai ni nesa. Sai da na juya gwajin na gane dalili. In zan tafi, mota cike take da buhuna, iskar hunturu tana dukan ta ta gaba. In zan dawo kuwa kusan wayam take, iska na tura ta. Da na ɗauki man Damagaram a jarka na dawo da shi, aukin ɗaya ne. Ba abin mamaki ba ne ma: matatar man fetur ta SORAZ tana nan kan hanyar tamu tun 2011, kamfanin mai na gwamnatin Nijar, SONIDEP, ke raba man, tankar da ta sauke wa wannan gida ita ko ƴar'uwarta ce za ta sauke wa na gaba. Fenti da allo ne suka bambanta.

Abin da har yau yake ci mini rai ya faru da damina, kuma a babban gidan mai ne mai rumfa da ma'aikata masu riga iri ɗaya, ba wajen ƴan ruwa-ruwa masu kwalba ba. Na sha mai washegarin ruwan sama. Ban yi nisa da gari ba mota ta fara shaƙewa, tana fizga, ta mutu da kayan mutane a kanta. Makanike ya tsiyayo man a gorar roba ya ɗaga ta a rana. Ga esansi a sama, ga ruwa kwance a ƙasa kamar yatsa biyu. Ya ce, "Malam, tankinsu na ƙasa ne ya sha ruwa, ba laifin motarka ba ne." Aka sauke tanki, aka wanke kafireto, aka sake buji da matatar mai, man da na biya aka zubar. Yinin ya tafi, mai kaya ya ba wani lodinsa na gaba. Da na koma gidan man, ko haƙuri ba wanda ya ba ni. Allon nan mai kyalli bai hana ruwa shiga ba.

Yanzu ba na tambayar suna. Ina shan mai inda ake ciniki sosai, man bai daɗe a kwance ba, kuma ba na sha lokacin da tanka ke saukewa, don dattin ƙasa yana tasowa. In ina shakkar famfo, jarka mai lita 25 nake miƙawa in ga inda ta tsaya. Sauran aukin kuwa a iskar taya na same shi, da kakkaɓe matatar iska da ƙurar hunturu ke toshewa, da sassauta ƙafa in an yi lodi.