Kishin Samari da Muke Kira So

'Yar ƙanwata mai shekara 17 ta taɓa gaya mini, cikin alfahari, cewa saurayinta yana matuƙar sonta, domin ba ya barinta ta je bikin ƙawayenta sai da izininsa, kuma duk daren da ya zo zance sai ya karɓi wayarta ya bincika saƙonninta ɗaya bayan ɗaya. Gabana ya faɗi, saboda yaron da ko kayan na-gani-ina-so bai kawo ba ya riga ya kafa mata dokar da ko miji ne ya kafa sai an tambaye shi dalili.

Mun saba cewa kishi kumallon mata ne, amma kishin samari, wanda yakan fara da tuhuma ya koma zagi, daga zagi ya kai ga mari, ba mu ba shi suna ba, balle mu koya wa 'ya'yanmu gane shi. Kyauta ce take ƙara ɗaure yarinya. Kuɗin zance, katin waya, atamfar Sallah, duk sai su zama bashi ranar da ta ce ta fasa, inda za ta ji ana cewa, "Bayan duk abin da na kashe miki?" Mutanen Kano ba su manta da budurwar da saurayinta ɗan ƙasar Sin ya kashe a gidan iyayenta a watan Satumban 2022 ba, wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a Maris ɗin 2024, kuma shi ma dukiyar da ya ce ya kashe mata ya riƙa lissafawa a gaban alƙali.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan matan da suka taɓa yin soyayya ko aure suna fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata daga abokin tarayyarsu kafin su cika shekara 20. Dokar hana cin zarafi da Najeriya ta kafa a 2015, wadda yawancin jihohi suka amince da ita, ta haramta tsoratarwa da bibiya da muzantawa, amma doka ba ta taimakon wadda ta kasa buɗe baki. Yarinyar da saurayi yake barazanar watsa hotonta ta san tambayar farko da za a yi mata a gida ita ce wa ya aike ta, don haka sai ta zaɓi shiru, shi kuma shirun nan yake dogara da shi.

Na roƙi ƙanwata kada ta yi wa 'yar tata faɗa, ta dai zauna ta saurare ta. Sai da aka yi mako biyu yarinyar ta nuna mana tabon da ke damtsenta, wanda a baya ta ce ƙofa ce ta buge ta.