Miliyan huɗu ba takarda

Baba ya rasu a ƙarshen 2022, aka raba gado a watan Maris na 2023. Bayan an biya basussukansa, abin da ya rage naira miliyan 32 ne. Hajiya ta ɗauki tumuninta, miliyan 4, mu maza uku kowa ya tashi da miliyan 7, ƙannenmu mata biyu kowacce miliyan uku da rabi. Rabon bai zo da rigima ba, alhamdu lillahi. Rigimar ni na sayo ta da kuɗina.

Miliyan biyu na sa a fili na awon igiya a bayan gari, gaban mai unguwa da shaidu, yana nan har gobe. Miliyan ɗaya kuwa kada ma a tambaye ni: gyaran mota, bikin ƙanwar matata, sai masu zuwa gaisuwa da ɗan uzuri a baki. Kuɗin gado ƙamshi gare shi, har wanda rabonka da shi tun firamare sai ya jiyo.

Saura miliyan huɗu. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta fara gudu, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ina kallon kuɗi a banki suna narkewa kamar ƙanƙara. Ana cikin haka ɗan baffana, wanda muke kira Yaya, ya zo har gida. Yana harkar hatsi a Dawanau. Ya ce, "Ƙanina, kawo a juya maka, in kaka ta yi mu saye masara mu ajiye." A kan tabarma, shayi bai ma huce ba, na tura masa ta waya. Matata ta leƙo ta ce ko za a rubuta. Na harare ta. Yaya ne fa, shi ya riƙe makarar Baba.

Shekarar farko masara ta yi tsada, ya kawo mini dubu ɗari shida, na ji kamar na fi kowa dabara. Har ƙanwata na yi wa tsiya don ta kwashe rabonta ta sayi sarƙa da awarwaron gwal. Ban cire uwar kuɗina ba, ban tambayi buhu nawa ne nawa ba, ban taɓa taka ƙafa na ga rumbun ba. Da farashin hatsi ya karye a 2025, sai Yaya ya daina ɗaga waya.

Da muka zauna gaban wani malami, tambaya ɗaya ya yi mana: bashi ne ko ƙiradi? In bashi ne, Yaya zai biya miliyan huɗu cif, amma ni ba ni da haƙƙin ko kwabo a kai, duk wani ƙari kuɗin ruwa ne haramtacce. In ƙiradi ne, wato jarina da wahalarsa, asara a kan mai dukiya take, matuƙar ba sakaci aka yi ba, kuma da tun farko an yanka kason kowa a cikin riba. Ni na ce bashi, Yaya ya ce ƙiradi. Ya ƙara da cewa dubu ɗari shidan nan ma daga uwar kuɗi ya ciro mini. Malam ya ce ina takarda, ina shaidu? Sai na sunkuyar da kai. Ya karanto mana ayar bashi, ta 282 a Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma na san ta tun ina allo. Filin miliyan biyu na tara masa shaidu huɗu, miliyan huɗu ko almajiri ban kira ba.

An yi sulhu a kan miliyan ɗaya da rabi, yana biya kaɗan-kaɗan, wannan karon da sa hannun mutum uku. Hajiya ta ce sauran a bar wa zumunci. Na bari a baki, zuciya dai tana nan tana lissafi.

Ƙanwar tawa kuwa, da sallar da ta wuce ta sayar da awarwaro biyu ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta na shekara. Ta tambaye ni labarin masara, na ce mata miƙo mini ruwa.