Lasifikar lafiyarta lau, ramin iyafis ne maƙaryacin

'Yan'uwa masu koyon gyara, sannunmu da ƙura. Kwana goma ke nan ban ba ku labarin inda aka kwana ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yayata ce ta riƙe ni, kuma ta wahalar da ni fiye da duk abin da na taɓa kwancewa tun da na fara riƙe sukudireba.

Ranar wata Asabar aka aiko yaro da ita daga Mabera, saƙon kuma gajere: ba ta magana. In an soka iyafis ana jin komai tsaf, in an zare sai shiru. Yaya malamar makaranta ce, da wannan kwamfutar take kunna wa 'yan ajinta karatu, iyafis ɗaya kuwa ba zai ishi yara cike da aji ba.

Kwana biyun farko asara na yi. Na goge direban sauti, wato manhajar da Windows ke sarrafa sauti da ita, na sake saukewa har sau uku, data ta ƙare na sake saye. Na kashe na kunna ban san adadi ba. Ranar Litinin har na fara tambayar kuɗin lasifika a kasuwa, don na riga na yanke mata hukuncin kisa. Alhali shaidar tana gabana tun minti na farko: in ka danna alamar sauti a ƙasan allo daga dama, Windows cewa take yi hedifon ne a haɗe, ramin kuwa wayam. Na gani, na wuce. Ku dai in aka kawo muku irinta, nan za ku fara dubawa kafin ku taɓa komai.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne mai gyaran rediyo da nake zama wurinsa wajen Tsohuwar Kasuwa. Bai ma karɓi kwamfutar ba, labarin kawai ya ji ya yi dariya. "Ɗana, wanga ciwo ya girme ka. Tun kahin a haihe ka muka gyaran shi." Ya jawo wata tsohuwar rediyo ya nuna mini. A cikin ramin iyafis akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa kamar harshe. A rediyo, wayar lasifika ta kansa take bi. Da ka soka iyafis sai ya ture harshen, hanya ta yanke, lasifika ta yi shiru. In harshen ya gaji ko datti ya tokare shi bai koma mazauninsa ba, shi ke nan, rediyo ta zama bebiya. Na ce, Baba, ai kwamfuta ba rediyo ba ce. Ya ce in je in duba dai.

Da gaskiyarsa, amma da ɗan bambanci, kuma bambancin ne ya fi burge ni. A kwamfuta harshen ba ya yanke wayar lasifika da kansa. Aikinsa kai rahoto ne kawai ga ɗan guntun da ke kula da sauti a jikin bod, wato babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke manne a kai. Guntun nan a yawancin kwamfutocin da ke zuwa hannunmu na kamfanin Realtek ne. A tsarin HD Audio da Intel ta fitar a 2004, ƙafa ɗaya ta guntun tana iya sa ido kan ramuka har huɗu, kowane rami da nasa resista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, wanda ake auna shi da om: om dubu 39.2, dubu 20, dubu 10, da dubu 5.11. Da harshen wani rami ya motsa, ƙarfin wutar da ke kan ƙafar sai ya canza, da haka guntun yake gane ramin da aka soka wa abu, sai a rufe bakin lasifika. Wato in harshen ya maƙale, rahoton ƙarya yake ta kaiwa dare da rana, kwamfuta kuma ta gaskata shi. Ko sau ɗari ka canza direba, sabon ma wannan ƙaryar za a faɗa masa.

Don in tabbatar kafin in kwance noti ko ɗaya, na tayar da ita da Ubuntu, wani nau'in Linux da ke iya zama a madadin Windows, daga filashi, ba tare da na taɓa abin da ke cikinta ba. Na buɗe alsamixer, manhajar saita sauti a Linux, na danna F6 na zaɓi katin sauti, na nemi wurin da aka rubuta Auto-Mute Mode, wato saitin da ke rufe bakin lasifika in an soka iyafis, na kashe shi, na ɗaga murya. Sai ga karatu ya cika ɗakin. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Lasifikar da na kusa zubarwa ko tari ba ta yi. Wanda kwamfutarsa ke kan Linux yana iya tsayawa nan ya ci gaba da harkarsa, amma Yaya Windows ta sani, kuma ni gyara na zo koya, ba dabarar kewaye ba.

Laraba na fara da hanya mai sauƙi. Na haska tocilar waya cikin ramin, faɗinsa milimita 3.5 ne kacal, na hango ƙura ta dunƙule ciki kamar auduga. Ba abin mamaki ba ne a Sakkwato cikin hunturu, inda ko kwanon da ka rufe sai ka share. Na kashe kwamfutar, na naɗa 'yar auduga a tsinken sakace, na tsoma a sifirit mai ƙarfi irin wanda ake wanke bod da shi, na juya a hankali. Tsinke uku suka fito jajaye. Na soka iyafis na zare kamar sau ashirin, na bar shi ya bushe. Da na kunna, lasifika ta yi magana na ɗan lokaci, ina taɓa gefen kwamfutar ta sake ɗaukewa.

A nan na yi wautar da nake so ku guje wa. Ganin an kusa, sai na ɗauko allura na ce bari in taimaka wa harshen ya koma. Ban ga abin da nake turawa ba, lalube nake yi. Na ji wani ɗan ƙas, daga nan ko ɗan lokacin ma ban ƙara samu ba. Garin neman gira na rasa ido. Ƙarfe ba ya shiga ramin nan, sai kan iyafis.

Dole aka kwance. Na cire caja, na buɗe bayanta, na zare wayar batir daga bod kafin komai, na danne makunni na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. A wannan busasshen yanayi jiki yana tara wutar nan da ke tsirgar mutum in ya taɓa ƙofar mota, ita kuwa tana iya kashe guntu, don haka kowane lokaci sai na taɓa ƙarfen taga kafin in kai hannu. Notocin na jera su kan takarda yadda suke a jikinta, don tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Na sa mitar gwajin wuta a wurin da take ƙara in hanya ta haɗu, na bi ƙafafun ramin biyu-biyu, da iyafis a ciki da kuma babu. A lafiyayyen rami dole a sami ƙafa biyu da amsarsu ke canzawa tsakanin sokawa da zarewa. A nawa babu abin da ya canza. Wani aboki ya ce in haɗe ƙafafun da dalma kawai in huta. Ban yarda ba, don ramukan iri biyu ne: wani sokawa ke haɗa harshensa, wani sokawa ke raba shi. In ba ka san wanne ke hannunka ba, kana iya tabbatar da ƙaryar har abada. Ko ka dace ma, ka kashe iyafis ke nan.

Na samo rami mai kama da shi, ƙafa da ƙafa, a jikin gawar wata kwamfuta. Cire tsohon ne ya ci mini yini guda. Dalmar kamfani marar gubar nan sai wajen digiri 217 take narkewa, tamu ta kasuwa kuwa wajen 183, ƙarfen sodana kuma ba shi da wani ƙarfi, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Baba ne ya ce in fara ƙara tamu a kan kowace ƙafa su gauraya, sannan in tsotse. Haka aka yi, ya fito ba tare da na ɗaye layin bod ba, wanda shi ne abin da ya hana ni barci. Sodar da na yi wa sabon ba ta da kyan gani ko kaɗan, ƙafa ɗaya kamar an ɗora mata ƙullun fura, amma mita ta ce hanya ta haɗu kuma ba ta taɓa maƙwabciyarta ba.

Jiya bayan la'asar na mayar wa Yaya. Ta soka iyafis, ta zare, ta soka, ta zare, sunan abin da ke fitar da sauti yana canzawa a allo kowane karo. Ta ce, "Ashe dai zaman kasuwar nan ba yawo ba ne." Tsohon ramin na fasa shi da filaya don in ga aikin hannuna: harshen ya lanƙwashe ciki, ga sawun allurata a jikinsa ɓaro-ɓaro. Abin da ya rage ban gwada ba shi ne makirfon na iyafis mai zobe uku, don wanda ke hannuna mai zobe biyu ne. Na ce ta aiko yaron da nata ranar Asabar.