Abin da dokar taɓin hankali ta koya mini game da yadda doka ke sauyawa

Doka takan tsufa a hannun mutane tun kafin majalisa ta taɓa ta. Wannan shi ne babban abin da na fahimta daga nazarin dokokin lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya.

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa dokar farko a 1916, aka sake tsara ta a 1958. Ita kanta kalmar da ta kira marar lafiya da ita, mahaukaci take nufi. Tunanin da ke ƙarƙashinta shi ne mutumin nan haɗari ne ga jama'a, sai a killace shi. Takardar likita da umarnin majistare sun isa a tsare mutum, ba a neman yardarsa, ba kuma a maganar haƙƙinsa. Wannan doka ta yi shekara fiye da 60 tana aiki.

Amma ilimi ya riga ta yin gaba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. Asibitoci irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano suka riƙa sallamar mutane sun warke, sun koma kasuwa da gona. Wanda ya ga ƙanensa ya samu sauƙi da ƙwaya da allura, ba zai ƙara yarda cewa ɗaure mutum da mari ne kaɗai mafita ba. Haka ra'ayi ke juyawa, gida bayan gida.

Sai kuma abin da ya girgiza kowa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Bayan 'yan makonni aka samu irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, da kyakkyawar niyya, don shaye-shaye ko rashin ji ko taɓin hankali. Gidajen mari ba sabon abu ba ne, kowa ya san da su. Abin da ya sauya shi ne hotunan sun shiga wayar kowa, kuma abin da ake kawar da kai a kansa jiya ya zama abin kunya a bainar jama'a.

Me ya sa to aka daɗe ba a sauya dokar ba? Nan ne sanin aikin majalisa ke da amfani. Ƙudiri sai ya wuce karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ma ta amince da rubutu iri ɗaya, sannan shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare ƙudiri bai kammala ba, ya mutu, sai a faro daga tushe. An gabatar da ƙudirin lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2003, aka sake kawo shi a 2013, duk bai kai ba. Masu wannan lalura ba su da ƙungiyar da za ta cika harabar majalisa, danginsu kuma ɓoyewa suke yi saboda gudun a ƙi auren 'ya'yansu. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa sabuwar dokar hannu. Ta amince cewa marar lafiya yana da haƙƙi, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da kuma asusun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Darasin da ya fi damuna shi ne dokoki ba sa sauyawa tare. Sashe na 231 na kundin laifuka na Final Kod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya, ko biyan tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sashe na 327 na kundin Kudu ma ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Kundinmu na Arewa an ɗauko shi ne daga na Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Ingila ta soke wannan laifi tun 1961, Ghana ta bi sahu a 2023. Addini ya haramta kashe kai, babu mai jayayya da wannan. Tambayar ita ce wanda Allah ya kuɓutar, wurin likita ya kamata a kai shi ko gaban alƙali? A ganina likita. Tsoron 'yan sanda yana sa dangi su ce guba ce ya sha bisa kuskure, likita ya yi maganin ciki ya sallame shi, ciwon da ke zuciya kuwa yana nan.

Gyaran wannan ba a Abuja kaɗai yake ba, domin kundin laifuka dokar jiha ce, kowace majalisar jiha sai ta gyara nata. Haka ma sabuwar dokar: in babu kuɗi a kasafi, babu ma'aikacin jinya da aka horar a asibitin sha-ka-tafi, babu magani mai araha, uban da ɗansa ya rikice da tsakar dare wurin mai mari zai sake nufa, don shi ne yake kusa, kuma ƙofarsa a buɗe take.