Godiya daga gidanmu: Ubangiji ya raya mana 'yarmu

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi.

Da yawanku kun ji an kwantar da 'yarmu a asibiti, kuka yi ta yi mana sannu ba ku san ciwon ba. Ita da bakinta ta ce mu faɗa, shi ya sa ni da babanta muke wannan rubutu. Ciwon damuwa ne ya tsananta mata har ta yi yunƙurin hallaka kanta. Shekararta 16. Yau tana gida, tana cin abinci, ta koma makaranta. Yabo ya tabbata ga Allah.

Godiyar farko ta ƙawarta ce. 'Yarmu ta faɗa mata abin da ke ranta, ta roƙe ta kada kowa ya ji. Yarinyar nan ta kira ni a waya cikin dare tana kuka. 'Yata, ba ki ci amana ba, rai kika ceta. Sai maƙwabcinmu mai Keke Napep a nan Sabon Tasha, Musulmi, wanda muka buga wa ƙofa ya fito ko takalmi bai tsaya nema ba, ya kai mu asibiti, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Malam, Allah ya saka maka da alheri.

Da ta farfaɗo, aka tura mu asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa. Duk ɗan Kaduna ya san sunan da ake kiran wurin da shi, har mutum ya ji kunyar a gan shi a bakin ƙofar. Likitoci da ma'aikatan jinya suka karɓe mu da mutunci. Suka yi mana bayani cewa ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, cewa maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shan sa kwatsam don an ji sauƙi. Suka ce yawan kaɗaicewa, rashin barci, ƙin abinci da maganar "da ma ba a haife ni ba" duk abin lura ne, kuma tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ya sa masa tunanin a zuciya. Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Baba Fasto, ban san ta inda zan fara ba. Akwai masu cewa aljanu ne, wasu suka ce rashin bangaskiya ne, a ajiye magani a shiga azumi. Kuka zo gefen gadonta kuka buɗe 1 Sarakuna 19, inda annabi Iliya ya gaji har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Kuka nuna mata cewa Allah bai tsawata masa ba: ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa, daga baya ya yi magana da shi. Kuka yi addu'a, sannan kuka tambaye ta ko ta sha maganinta na safe. Tun daga ranar ba wanda ya sake ce mana mu zaɓa tsakanin majami'a da asibiti.

Iyayena na Zumuntar Mata, kun yi girki bi da bi, kun riƙe ƙannenta, kuma kun riƙe bakinku, wanda a ganina ya fi girkin wuya. Ƙungiyar matasa, kun ci gaba da zuwa ko a ranakun da ta ƙi fitowa daga ɗaki. Dattawan ikilisiya da dangi daga Kafanchan da Zariya da suka taimaka da kuɗin magani, Ubangiji ya mayar muku ninki.

Har yanzu tana ganin likita, wasu ranakun kuma da nauyi, don haka kada ku daina yi mana addu'a. Ranar Lahadi za mu yi sujadar godiya. Roƙonmu ɗaya: in kun gan ta, ku gaishe ta yadda kuka saba, kada a tsare ta da tambayar me ya sa. Uwar da take ganin irin waɗannan alamu a ɗanta ta same ni bayan an tashi, zan raka ta Barnawa da kaina.