Ga ƙannenmu da za su gaji murhun narka alminiyam

Tunda na miƙa makullin wokshop, yanzu zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa, ko zai amfani wanda za a ba irin wannan aiki a nan Bauchi.

Aikina shi ne shirya alminiyam don a yi zubi da shi yana tsaka-tsaki, bai gama daskarewa ba. A 1971 ne David Spencer, ɗalibin Merton Flemings a jami'ar MIT ta Amurka, ya gano cewa in ana juya narkakken ƙarfe yana cikin kamawa, rassan da ke tsirowa a cikinsa sukan kakkarye su koma dunƙule-dunƙule. Irin wannan ƙarfe in ka ajiye shi zai tsaya da kansa, har ka yanka shi da wuƙa kamar man shanu, in ka matsa shi kuma ya bi mazubi a hankali ba tare da ya haɗiyi iska ba. Sharaɗin shi ne gamin, wato haɗin ƙarfen da wasu sinadarai, ya kasance da tazara tsakanin fara daskarewa da gamawa. Gamin alminiyam da ake kira A356, mai silikon kashi 7 cikin 100, yana fara kamawa wajen digiri 615, ya ba ka sarari har zuwa wajen 577.

Malamin da ke duba aikina ya san wannan, shi yake koyar da shi a aji. Amma da aka zo sayen kaya, sai ga buhun tsofaffin fistan daga wajen 'yan gwangwan. Na ce, "Ranka ya daɗe, silikon ɗin fistan ya kai kusan kashi 12, kusan a lokaci guda yake daskarewa." Ya ko kalle ni ya ce, "Yau kai za ka koya mini? Alminiyam ai alminiyam ne."

Haka na yi ta fama. In na zuba a kan gangaren ƙarfen da muke sanyayawa da ruwa don a samu dunƙule-dunƙulen, ko ya wuce tsululu, ko ya sandare a tsakiyar hanya. In goge samfuri har yatsuna su yi fari, in sa a maikuroskof, ba dunƙule ko ɗaya. Ranar semina, gaban malamai da ɗalibai, ya ce ni malalaci ne, ko ma'aunin zafi ban iya karantawa ba. Ban ce uffan ba, don makina na hannunsa. Har gobe in na tuna sai raina ya sosu.

Baba mai kula da wokshop ne ya ja ni gefe. "Ɗana, bar wahalar da kanka. Je ka wajen makanikai ka nemo fasasshen rim na alminiyam." Gaskiyarsa, yawancin irin waɗannan rim da A356 ake zuba su. Da kuɗin aljihuna na sayo, muka yayyanka, muka kankare fentin. Muka narka, muka jira zafin ya sauko wajen 630, sannan muka zuba. Da na leƙa maikuroskof, ga fararen ƙwayoyi zagaye-zagaye a jere, duhu-duhu ya kewaye kowace. Baba ya cire tabarau ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi."

Da aka rubuta takardar bincike, sunan malamin ne a farko. Na Baba ko a godiya bai fito ba. Wannan ya fi zagin semina yi mini ciwo, shi ya sa a kundina na fara da sunansa.

Sauran shawarata gare ku kuwa: kada ku kunna murhu sai kun san abin da ke cikin gamin. Ku gasa ludayi da mazubi tukuna, ɗigon ruwa ɗaya na iya watso muku narkakken ƙarfe a fuska. Kada ku fara narki babu mai a janareta. Duk umarnin da aka ba ku da baki, ku rubuta shi a littafin aiki da kwanan wata, Baba ya sa hannu.