Inci 13 da suka sa na yi wata huɗu ina zargin gwiwata

Har yau idan na shiga ɗakin da injin motsa jikin da na fara saya yake, sai raina ya sosu. Kuɗin da na kashe da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata huɗun da na yi ina ɗora wa gwiwata laifin da ba nata ba.

Likita ne ya ce in rage tumbi, bayan awo uku a jere sun nuna jinina ya hau. Ya ce in samu minti 150 a mako ina motsa jiki, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato rabin awa sau biyar. To duk wanda ke zaune a Kubwa yana aiki a cikin garin Abuja ya san safiya ba tasa ba ce, da ka makara cunkoso ya riƙe ka. Zagayen tafkin Jabi sai ranar Asabar. Gudu a kan kwalta kuma gwiwata ta dama ba ta so, tun wani targaɗe da na yi a filin ƙwallo ina saurayi. Shi ya sa na bar injin gudu na tsaya a kan eliptikal, wato injin da ake taka fedarsa a tsaye kamar ana tafiya, tunda shi ƙafa ba ta barin feda, babu dirar da ke bugun gaɓoɓi.

A waya na saya. Wani mai shago ya turo mini hotuna da bidiyo ta WhatsApp, ni kuma na yi ta jero masa tambayoyi. Nauyin mutum nawa yake ɗauka? Kilo 120, ni kuwa 98 nake. Yana buƙatar wuta? A'a, da hannu ake murɗa ƙarfinsa, batir biyu kawai allon yake ci. Wannan ya kwanta mini, don akwai waɗanda in an ɗauke wuta ba ka iya ƙara musu ƙarfi ko ragewa. Na tambayi nauyin faifan ƙarfen da ke juyawa a ciki, na tambayi garanti, muka yi ciniki har ya rage. Da na ce zan zo in gani, sai ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, duk iri ɗaya ne, yaro zai kawo ya haɗa maka." Na yarda. Ban hau ba na biya.

Ranar farko na ji wani iri. Maimakon in ji kamar ina tafiya, sai na ji kamar ina tuƙa keken yara a tsaye, gwiwa na tasowa sama, jiki na ɗagawa yana sauka. Na ce rashin sabo ne. Mako na biyu, minti goma ba sa cika sai gaban gwiwar ya ɗauki zafi. Abin da ya rufe mini ido shi ne uwargida. Ita tana hawa ta yi minti arba'in tana sauraron karatu, ta sauko lafiya lau. Ta ce, "Baban yara, injin nan ba shi da laifi, ka je a duba ƙafar nan." Magana ce mai ma'ana, kowa ma haka zai ce. Na je asibiti, aka ɗauki hoto, aka ce babu wani sabon abu, aka ba ni man shafawa. Na daina hawa. Tumbi yana nan, jini yana nan, ni kuma na fara sa wa raina cewa shekaru ne suka zo.

Aiki ne ya kai ni Jos cikin hunturu. Otal ɗin da muka sauka yana da ɗan ɗakin motsa jiki, sanyin asuba kuma ya hana ni fita waje. Na hau wani ƙaton eliptikal don kawai in ji ɗumi. Minti biyar, goma, ashirin da biyar, ina jiran zafin, bai zo ba. Ƙafata na miƙewa gaba sosai ta dawo baya sosai, kamar ina sauri zuwa masallaci an tada iƙama. Na sauko jikina na rawa don mamaki. Matashin da ke kula da wurin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, tsawonka nawa? Na gidanka takunsa inci nawa ne?" Ban ma san akwai wannan tambayar ba.

Da na dawo Kubwa ko kaya ban cire ba na ari tef ɗin ɗinkin uwargida. Na tura feda ɗaya iyakar gabanta na yi alama da alli a ƙasa, na mayar da ita iyakar baya na sake yin alama. Inci 13. Na Jos ɗin inci 20 ne, kusan santimita 51. Tsawona mita 1.85, ita kuwa uwargida ba ta kai kafaɗata ba. Injin ya yi mata daidai, ni kuma wata da watanni ina tanƙwashe gwiwa cikin takun da ya yi mini kaɗan.

Daga baya na karanta cewa Larry Miller, wanda ya ƙirƙiro injin da kamfanin Precor ya fitar a 1995, daga yadda ƙafar mai gudu ke zana siffar ƙwai ya samo dabarar. In takun ya gajarta, ƙwan nan sai ya koma kusan da'ira, amfanin ya ragu. Mutum mai matsakaicin tsawo, takun inci 18 zuwa 20 yake buƙata, dogo kuma kada ya yi ƙasa da 20. Masu araha da yawa gajeren taku gare su, don su yi ƙanana su shiga kowane lungu.

Na biyun na hannu na saya, kuma sai da na je da takalmin motsa jiki na yi minti goma sha biyar a kai mai shagon yana kallona. Kada ka ji kunyar wannan, minti biyu ba sa nuna komai. Na kasa kunne ko zan ji ƙarar boris, na girgiza hannuwan, na fito da tef na auna da kaina. A gida ma na auna wuri, don mai dogon taku yana cin kusan mita biyu a ƙasa, kuma feda na ƙara wa mutum tsawo sosai. Dole muka kauce wa fankar sama muka ajiye shi ta wajen taga. Faifansa a gaba yake, tayoyinsa kan dogo suke tafiya, don haka lokacin ƙurar hunturu kullum sai na goge dogon da tsumma, in ba haka ba ya riƙa gurzawa.

Yanzu wata bakwai ke nan, bayan sallar asuba nake yin rabin awata, likita kuma ya ce awon ya fara sauka. Na farkon yana wurin uwargida, ta ce ba za a sayar ba. Kwanan baya ina neman wata takarda na ci karo da ɗan littafin da ya zo cikin kwalinsa. A shafin ƙarshe, cikin ƙananan rubutu, ga shi nan an rubuta tsawon takunsa, santimita 33, wato inci 13 ɗin nan. Tun ranar da aka kawo shi littafin yake cikin durowar gefen gadona.